Mama, Wai Karatun Yankan Kati Zan Yi?

Assalamu alaikum Mama, da fatan kina lafiya. Ni yarinya ce 'yar shekara 20, muna zaune a Jekadafari cikin garin Gombe. Tun ina ƙaramar sakandare burina in zama nas. Sau biyu ina neman makarantar koyon jinya, Allah bai nufa ba. Bana sai wata kwalejin kiwon lafiya ta ba ni gurbin difloma a fannin adana bayanan lafiya. Ranar da takardar ta zo gwaggona ta yi dariya ta ce, "Au, yankan kati ma sai an je makaranta?" Yayana kuma ya ce kwamfuta ta kusa cinye aikin. Baba bai hana ba, amma ya ce ƙarfinsa na karatu ɗaya ne, in zaɓa da kyau. Saura mako uku a rufe rajista. In karɓa ne, ko in sake jira shekara ta uku? In kuma na shiga, akwai gaba?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya saka wa Babanki da alheri da ya gaya miki gaskiyar aljihunsa tun da wuri. Ki karɓa. Akwai abu ɗaya da za ki fara tabbatarwa game da makarantar, zan zo kansa, amma in ya tabbata to ki karɓa da hannu biyu. Ba lallashinki nake yi ba. Aikin nan da gwaggonki ta yi wa dariya shi na yi shekara 35 ina yi, tun Gombe tana cikin jihar Bauchi. Da shi na yi wa 'ya'yana karatu, da shi na sauke farali.

Ban ga laifin gwaggonki ba. Abin da ta sani shi ne tagar nan ta bakin asibiti, da layi, da wanda ke zaune a ciki yana tambayar suna da unguwa. Ba ta taɓa zagayawa bayan tagar ba. Bari in zagaya da ke.

Wani dare da damina ina aikin kwana, aka kawo wata mata daga ƙauye tana naƙuda, ta galabaita har ba ta iya magana. Mijin yana kudu wurin neman kuɗi. Uwar mijin ce ta rako ta, babu kati a hannunsu, ruwa ya jiƙa su sharkaf. Na tambayi suna, tsohuwar ta ce Maijidda. Na duba akwatin katunan sunaye, babu Maijiddar da ta dace da ita. Sai na koma kan Hauwa'u, don kowane Bahaushe ya san Maijidda Hauwa'u ce. Hauwa'u kuwa sun fi a ƙirga. Na tambayi sunan mijin, tsohuwar ta sunkuyar da kai, ashe ɗan farinta ne, ba ta faɗar sunansa. Sai yaron da ya tuƙo su ne ya faɗa. Da sunan miji da sunan ƙauye na samo lambarta, da lambar na ciro foldarta. A shafin farko an rubuta da jan biro cewa sau biyu ana yi mata tiyatar haihuwa, ga rukunin jininta, ga sunan wani magani da jikinta ba ya karɓa. Likitan yana karantawa bai ƙara ko minti ɗaya ba, ya ce a shirya ɗakin tiyata. Uwa da ɗa suka rayu da ikon Allah. Da safe dangi suka yi ta godiya ga likita da nas, kuma sun cancanta. Ba wanda ya leƙo tagata. Amma na san abin da na sa a hannun likitan nan, kuma har yau in na tuna daren nan zuciyata takan yi sanyi.

Samo folda ɗaya cikin dubun dubata a minti biyar ba sa'a ba ce, tsari ne, kuma shi za a koya miki. Kowane majinyaci lamba ɗaya yake da ita a asibiti, daga ranar da ya fara zuwa har ƙarshen rayuwarsa. A manyan asibitoci ba a jera foldoji daga 1 zuwa sama kamar yadda za ki zata. Daga wutsiyar lamba ake farawa. In lambar mutum 04-27-63 ce, sai ki nufi kanta ta 63, a cikinta ki nemi sashe na 27, sannan ki zaro folda ta 04. Kantocin guda 100 ne, daga 00 zuwa 99. Hikimar ita ce sababbin foldoji su rarrabu ko'ina, kada ma'aikata su taru a lungu ɗaya suna ture juna, kuma in an yi kuskuren ajiya a gane da wuri. Duk foldar da ta fita kuwa sai an soka kati a gurbinta, an rubuta inda ta tafi, da wanda ya karɓa, da rana. Wanda ya raina wannan katin shi ne wanda zai sa a ce wa tsoho mai hawan jini, "Baba, ba a ga foldarka ba, sai dai a buɗe sabuwa." Kin ga tarihin jinyarsa na shekara goma ya tafi ke nan.

Karatun kansa ba wasa ba ne, kada ki shiga da tunanin hutu za ki je. Za ki karanta sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, kusan irin abin da 'yan jinya ke farawa da shi. Za ki haddace kalmomin likitanci, don ba za ki iya sarrafa abin da likita ya rubuta ba in ba ki fahimce shi ba. Akwai lissafin ƙididdiga, akwai kwamfuta, akwai doka da ladubban aiki. Sannan akwai abin da na fi so, wato ba wa cututtuka lamba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin da ta jera kowace cuta da alamarta, ana kiransa ICD. A bugu na 10, wanda muka daɗe muna aiki da shi, hawan jini I10 ne, amosanin jini yana ƙarƙashin D57, zazzaɓin cizon sauro daga B50 zuwa B54. Bugu na 11 ya fara aiki a watan Janairun 2022, ku ne za ku rayu da shi. In aka sallami majinyaci, ke ce za ki karanta foldarsa ki fitar da ainihin cutar da ta kwantar da shi ki ba ta lambarta. Daga waɗannan lambobi ake sanin me ya fi kwantar da mutane a Gombe, me ya fi kashe yara a wane wata.

Haka a ƙananan asibitocin unguwa da na karkara. Duk ƙarshen wata ana tattara abin da ke cikin rajistoci, na awo, na haihuwa, na rigakafi, na zazzaɓi, a cike takardar wata, a kai wa jami'in ƙaramar hukuma, a shigar a manhajar DHIS2 wadda ƙasar nan ke amfani da ita. Ƙananan hukumomi 11 na jiharmu duk ta nan alƙalumansu ke bi su isa Abuja. Da su ake lissafin maganin da za a turo da allurar da za a ware. In wadda ke riƙe da rajista ta yi kasala ta cike da ka, wani ƙauye ne zai wayi gari babu magani, kuma ba wanda zai san daga inda matsalar ta taso.

Yanzu ga abin da na ce sai kin tabbatar. Wannan sana'a ce mai hukuma da lasisi, kamar jinya da haɗa magunguna. Ina cikin aiki aka kafa hukumar rajistar jami'an adana bayanan lafiya ta ƙasa, HRORBN, da doka mai lamba 39 ta 1989. Ita ke amincewa da makarantu, ita ke yi wa ɗalibai rajista tun suna karatu, ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa ta ba da lasisi. Difloma kuma, ƙarama (ND) da babba (HND), sai hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna ta amince da kwas ɗin. Ki lura da kyau, amincewa da makaranta daban, amincewa da kwas daban. Makaranta tana iya samun izinin koyar da kiwon lafiyar al'umma alhali ba ta da izinin naku. Makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu sun yawaita a 'yan shekarun nan, akwai nagari a cikinsu, akwai kuma waɗanda allon bakin ƙofa kawai gare su. 'Yar maƙwabciyata ta yi shekara biyu a irin wannan, uwarta ta sayar da akuyoyinta har da keken ɗinki, da aka zo jarrabawar hukuma sai aka ce sunayensu ba sa cikin rajista. Takardar tana nan a ƙasan akwati, ba inda za ta kai ta. Ranar da uwar ta zo tana kuka a ɗakina ban iya cin abinci ba.

Saboda haka kafin Babanki ya fitar da ko sisi, ki ɗauki yayan nan naki ku je makarantar. Ku nemi ganin takardar amincewar NBTE da ta HRORBN a kan wannan kwas ɗin, ku duba shekarar da ke jiki. Ya kuma duba sunan makarantar a shafukan hukumomin biyu a intanet, tunda shi ne masanin kwamfuta. Bayan kun fito daga ofis, ki nemi 'yan aji biyu a gindin bishiya ki tambaye su: an yi muku rajista da hukuma? Waɗanda suka gama bara sun zauna jarrabawar lasisi? A wane asibiti kuke koyon aiki? Ɗalibi ba ya ɓoye irin wannan. In aka fara yi muku "ana kan hanya" da "an kusa", ki tattara takardunki ki fito. A nan kam gara jira, ko ki nemi wata makarantar. Asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Maiduguri duk suna da makarantun wannan fanni da suka daɗe suna yaye mutane.

Kin tambaya ko akwai gaba. Akwai. ND shekara biyu ce, sai shekarar koyon aiki, sai HND shekara biyu, sai hidimar ƙasa. Da ND da lasisi kina iya fara aiki, ki ci gaba da karatun daga baya da albashinki, kin ga nauyin ya sauka daga wuyan Baba. Shawarata kada ki tsaya a ND. Na ga mutane masu hazaƙa da suka maƙale a matakin albashi ɗaya shekara da shekaru saboda sun ce sai yara sun girma, yaran suka girma, ƙarfin karatun ya tafi. Bayan HND akwai hanyar digiri da digiri na biyu, kuma mutum yakan kai shugaban sashe a babban asibiti, ko ya koma aji yana koyarwa. In kin kama aikin gwamnati kina son ƙarin karatu, ki nemi izini a rubuce kafin ki fara. Wanda ya tafi a ɓoye ya dawo da takarda, yakan sha wahala kafin a lissafa masa ita.

Maganar yayanki tana da rabin gaskiya. Asibitoci suna komawa kwamfuta, kuma wanda abin da ya iya kawai shi ne rubuta suna a kati da ɗauko folda, lallai aikinsa na ƙarewa. Amma ki tambaye shi, wa zai zauna gaban kwamfutar? Kwamfuta ba ta san Maijidda Hauwa'u ce ba. Ba ta san Bintu da Fatima da Zara'u suna iya zama mace ɗaya da ta zo sau uku da 'yan rakiya daban-daban ba. A wuni ɗaya sai ki yi wa A'isha Muhammad biyar rajista, uku daga cikinsu ba su san shekarar haihuwarsu ba. In aka buɗe wa mace ɗaya lamba uku, ko aka zuba sakamakon gwajin wata a shafin wata, kwamfuta za ta adana kuskuren ne da kyau, ta kuma yaɗa shi cikin sauri zuwa ɗakin magani da ɗakin gwaji. Ga wutar lantarkinmu da kika sani, ga intanet mai zuwa da tafiya. Dole a samu wanda ya san yadda za a ci gaba da takarda in na'ura ta tsaya, a kuma shigar da komai in ta dawo. Abin da kwamfuta ta yi shi ne ta ɗaga darajar wanda ya iya, ta kori wanda bai iya ba. Don haka tun yanzu, cikin makonnin nan da kike zaune, ki sa yayanki ya koya miki buga rubutu da yatsu goma da kuma Excel. Ya mayar da tsoratarwar tasa taimako. In kina jin Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja, ki riƙe shi da kyau, a bakin tagar asibitin Gombe harshe na biyu ya fi wani satifiket ɗin amfani.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi, kuma shi nake so ki auna kanki a kai tun kafin ki biya kuɗin makaranta. Amana. Gombe gari ne da kowa ya san kowa. Foldar maƙwabcinku za ta biyo ta hannunki, da ta malaminki, da ta yarinyar da ɗan'uwanki ke nema. Za ki san wanda ke karɓar maganin ƙanjamau, da wadda ta yi ɓari ba ta gaya wa kowa ba, da wanda ake duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Kuma za a zo miki. Ba baƙo ne zai zo ba, 'yar'uwa ce za ta zo da murmushi ta ce, "Don Allah ɗan duba mana, aure za a yi, kada a cuci yaronmu." An zo mini da irin wannan ba sau ɗaya ba, har da kuɗi a ƙulle a gefen zane. Wata ta yi shekara biyu ba ta gaishe ni saboda na ce a'a. Amsar ita ce masu auren su je a gwada su da yardarsu, ba a leƙa foldar mutum a bayan idonsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da bayanin majinyaci sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ƙara ɗaure abin, ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu. Tun kafin dokokin nan ma iyayenmu sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In kin san bakinki ba ya riƙe magana, ki gaya wa kanki gaskiya ki nemi wata sana'ar. In kuwa kina iya ganin abu ki haɗiye, to kin riga kin mallaki rabin aikin.

Ba zan ɓoye miki ɗacinsa ba. Albashi da alawus ɗinku ba za su kai na nas ba, kuma ƙofar fita ƙasashen waje da ake ta rububi ta fi buɗuwa gare su. Ke ce fuskar farko da marar lafiya da danginsa za su gani, sun gaji, sun tsorata, kuɗinsu ya ƙare, a kanki za su sauke. Za a zage ki a kan layin da ba ke kika tara shi ba. Akwai ƙura a ɗakin foldoji, akwai aikin dare. Aikin gwamnati kuma ba ya jiran kowa a bakin ƙofa ranar da ya gama, wasu sukan yi aikin sa kai ko na wucin gadi kafin a ɗauke su. Sai dai ƙofofin sun fi yadda suke a zamaninmu yawa. Ban da asibitocin gwamnati da masu zaman kansu, ga hukumomin inshorar lafiya irin GoHealth ta nan Gombe, waɗanda ba sa biyan asibiti sai da bayani a rubuce. Ga ƙungiyoyin agaji da ke aiki a arewa maso gabas, kullum suna neman wanda ya iya tattara alƙaluma ya tace su.

Kuma wanda ya iya tsara bayani ba a asibiti kaɗai ake nemansa ba. Kowace ma'aikata tana da rajistarta ta fayiloli, ta fili da ta sirri. Kotu tana da tata, jami'a da banki haka, ga hukumar GOGIS da ke mayar da takardun filayen Gombe cikin kwamfuta. Mu da muka ga 1996, lokacin da aka cire Gombe daga Bauchi aka yi ta lodin fayilolin ma'aikata a mota, mun san darajar wannan aiki. Akwai dattawan da suka fara aiki tun jihar Arewa maso Gabas, fayil ɗinsu ya tashi daga Maiduguri zuwa Bauchi a 1976, ya sake tasowa Gombe bayan shekara 20. Wanda takardar kama aikinsa ta salwanta a hanya, sai da ya zo karɓar fansho ya gane abin da ya rasa. In kuma wata rana sha'awarki ta karkata ga tsofaffin takardu, akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna. Hanyar can ta fi bi ta digirin ilimin laburare da sarrafa bayanai, wanda ake yi a jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri.

Saura maganar jinya, don na san ita ce ke cin ranki. Shekara biyu kin yi kina jira. Ba wanda ya ba ki tabbacin ta uku za ta bambanta, masu nema suna da yawa, guraben kaɗan ne. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Amma ina roƙonki abu ɗaya, kada ki shiga da niyyar zaman jiran mota, ƙafa ɗaya a aji ɗaya a waje. Na koyar da irin waɗannan ɗalibai a wurin aiki, jikinsu na ɗakin foldoji, idonsu na kan farin kayan nas, suka fito ba su iya wannan ba, ba su samu wancan ba. Ki tambayi zuciyarki me ya sa kike son jinyar. In taimakon marar lafiya ne, na rantse miki akwai shi a nan, na gaya miki labarin Maijidda. In kuwa kin tabbata hannunki ne ke son taɓa majinyaci, ki yi masa allura ki wanke masa ciwo, kuma ba abin da zai maye miki wannan, to ki gaya wa Baba haka ƙarara, ki karɓi jiran da abin da zai zo da shi. Ki yi istihara kafin ki yanke.

Gwaggonki kuwa kada ki yi musu da ita, uwa ce. Ki je har ɗakinta ki durƙusa ki ce kin zo neman albarka za ki fara makaranta. Shi Baba, in kun dawo daga binciken, ki kai masa abin da kuka gani a rubuce: kuɗin rajista, kuɗin rajistar hukuma, kuɗin jarrabawar lasisi, da na zuwa koyon aiki, na shekara biyun gaba ɗaya, don kada wani kuɗi ya faɗo masa a tsakiyar hanya. Mako uku ba yawa gare shi ba, ku je ranar Litinin da safe kafin ofisoshi su cika. In kin ga takardun amincewar, ki rubuto mini abin da ke jikinsu da shekarunsu, zan duba miki.